Uwar da Aka Ɗauka Ta Saba: Ciki, Haihuwa da Jego Bayan Shekara 35 a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, Kano

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi halin da mace ke shiga idan ta ɗauki ciki tana da shekara 35 zuwa sama, a unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni cikin birnin Kano. An gina ta a kan binciken likitoci da aka buga daga Kano da Zariya da Sakkwato da wasu ƙasashen waje, da kuma abin da zama cikin jama'ar waɗannan unguwanni yake nuna wa mai lura. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, wannan uwa tana cikin waɗanda haɗarin ciki ya fi kusa da su, amma ita aka fi yi wa sakaci, domin mijinta da danginta da ita kanta sun ɗauka ta saba. An kawo shawarar a mayar da shekaru da yawan haihuwa su zama tambayar farko a wurin awo, a kuma rataya duba lafiyar mai jego a jikin ranakun da al'ada ta riga ta ware.

1.0 Gabatarwa



Shekara da shekaru ke nan, duk inda aka zauna maganar mutuwar mata wajen haihuwa a ƙasar Hausa, hankali yakan tafi kan yarinya 'yar shekara 14 ko 15 wadda ƙugunta bai gama buɗewa ba: doguwar naƙuda, jijjiga, yoyon fitsari. Wannan damuwa tana kan hanya, kuma ba na neman a rage ta ko kaɗan. Sai dai yarinyar nan tana da uwa, kuma sau da yawa uwar ma ciki gare ta. Ita ce za ta raka 'yarta awo, ta riƙe mata kati, ta saya mata magani, alhali nata cikin na tara ko na goma yana ɓoye a ƙarƙashin hijabi, ba wanda ya taɓa auna mata jini. Maganar wannan uwa na zo da ita.

Ba yau aka gano matsalar ba. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Ya nuna mutuwa ta fi yawa ga matan da ba su taɓa zuwa awo ba, kuma ta fi tsananta a gefe biyu: ƙananan yara, da manyan matan da suka haihu da yawa. Gefen farko ya samu masu yi masa magana. Gefe na biyu ya zauna shiru.

Na zaɓi Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da gangan. Ƙaramar hukumar Tarauni, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 220,000, ta haɗa da Darmanawa da Daurawa da Babban Giji da Unguwa Uku da Ƙauyen Alu da Hotoro. A nan, kan titin Zariya, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yake, wanda aka kafa a 1988, wanda kowa ke kira Asibitin Malam. Ga asibitin yara na Khalifa Isyaku Rabi'u a titin Gidan Zu, ga ƙananan asibitocin gwamnati, ga na kuɗi birjik daga titin Kotu zuwa cikin lunguna. Idan aka ce macen ƙauye ta mutu saboda nisa, kowa zai gane. Matar da za ta iya hango katangar asibiti daga bakin layinsu kuwa, idan ta makara, dole a nemi dalilin a cikin gida da cikin zuciya.

2.0 Wace ce uwa mai shekaru a waɗannan unguwanni?

Ma'aunin shekara 35 da likitoci ke aiki da shi ya samo tushe tun 1958, lokacin da ƙungiyar likitocin mata ta duniya ta keɓe mai cikin fari a wannan shekaru a matsayin mai buƙatar kulawa ta daban. A Turai da Amurka, mafi yawan rubuce-rubucen yau suna magana ne a kan wadda ta jinkirta haihuwa saboda karatu da aiki. Muna da irinta a Tarauni: malamar jami'a, ma'aikaciyar banki, likita, da kuma wadda ta yi aure da wuri amma Allah bai ba ta ba sai bayan shekara 15 ko 20 na magani da addu'a da haƙurin gori. Wannan takan je awo tun kafin cikin ya fito, ta tambayi komai, ta kiyaye komai. Matsalarta tsoro ce da tsadar kulawa, kuma ita ce marar rinjaye.

Mai rinjaye ita ce wadda ta fara da wuri kuma ba ta tsaya ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya nuna mace a ƙasar nan tana haihuwar 'ya'ya 5.3 a matsakaici, a Arewa maso Yamma kuwa 6.6. Lissafin mai sauƙi ne: wadda aka yi wa aure tana da 16, tana haihuwa duk shekara biyu da rabi, kafin ta cika 38 tana ɗauke da ciki na tara. A jikinta abu biyu sun haɗu, shekaru da yawan haihuwa, kowanne da nasa haɗarin. Tun 1934 wani likitan birnin Dablin, Bethel Solomons, ya gargaɗi abokan aikinsa cewa matar da ta haihu da yawa ita ce abin tsoro a ɗakin haihuwa. A yau likitoci suna sa ido na musamman a kan wadda ta haihu sau biyar zuwa sama.

Akwai ta uku, wadda ba a cika lissafa ta ba: bazawarar da ta sake aure. Kano ta san yawan mutuwar aure, shi ya sa aka fara auren zawarawa ta hannun Hukumar Hisba a 2012, aka kuma ɗaura wa mutum 1,800 da amarensu a watan Oktoban 2023. Mace mai shekara 37 ta bar 'ya'ya shida a gidan tsohon miji, ta shiga sabon gida ta tarar da abokiyar zama da nata 'ya'yan. Ta san matan miji, komai yawansu, tumunin takaba suke rabawa idan akwai 'ya'ya, mafi yawan sauran gadon na 'ya'yan ne. Ta san wadda ba ta da ɗa a gida baƙuwa ce ko ta shekara goma. Duk wanda ya je ya ce wa wannan mata ta huta da haihuwa bai fahimci abin da ya sa ta a gaba ba. Abin da ya wajaba a kanmu shi ne mu taimaka mata ta samu abin da take nema ba tare da ta bar ranta a wurin ba.

Sannan ga batun sanin shekarun su kansu. Da yawa daga cikin matan nan ba su da takardar haihuwa. Malamar awo ta tambaya, matar ta ce talatin, a rubuta talatin. Bayan shekara biyar ta dawo ta sake cewa talatin. Ba ƙarya take yi ba, haka lissafin yake a wurinta. Amma akwai hanya: a tambaye ta shekarun ɗan farinta, a tambaye ta abin da ya faru a gari shekarar aurenta. Wadda aka kai ɗaki tana da 16 a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, wato 2000, ta cika 40 a 2024. Tambaya biyu ce, ba ta cin minti ɗaya, amma tana sauya duk tsarin kulawar da za a yi mata.

3.0 Abin da shekaru ke yi wa ciki

Ina so in fara da faɗar gaskiyar da ake mantawa: mafi yawan matan da suka wuce 35 suna sauka lafiya da 'ya'ya lafiyayyu. Haihuwa da girma ba abin kunya ba ce. Alƙur'ani ya ba mu labarin matar Annabi Ibrahim da matar Annabi Zakariyya, kuma bisa mashhuriyar riwaya Nana Khadija tana da shekara 40 Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aure ta, ta kuma haifa masa 'ya'ya. Maganar da ake yi ta ƙaruwar haɗari ce, wanda galibinsa ana iya gano shi da wuri.

Ana haifar mace da ƙwayayen haihuwarta gaba ɗaya, miliyan 1 zuwa 2. Suna raguwa har su koma wajen 25,000 a shekara 37, ingancinsu ma yana raguwa. Daga nan ɓari yake ƙaruwa. Wani bincike a ƙasar Norwe da aka buga a 2019, a kan ciki sama da 420,000, ya samu ɓari kashi 10 cikin 100 ga masu shekara 25 zuwa 29, amma kashi 53 ga masu 45 zuwa sama. A gidajenmu idan ɓari ya maimaitu a kan mace mai shekaru, zargi yakan faɗa kan kishiya ko iska, a rabu da zumunci a kan abin da shekaru ne suka kawo shi. Haka lalurar Down, wadda jama'a kan haɗa ta da wasu lalurori su kira su galahanga: wajen jariri 1 cikin 1,250 ga uwa mai shekara 25, 1 cikin 100 ga mai 40, 1 cikin 30 ga mai 45. Tagwaye ma sun fi zuwa wa manya da masu yawan haihuwa, kuma cikin Hassan da Husaini ya fi nauyi ga zuciya da jini.

Abin da ya fi kashewa dai biyu ne. Na farko hawan jini. Mace mai shekara 40 tana iya shiga ciki da hawan jinin da ba ta san da shi ba, ko ciwon suga, ciki ya zo ya ƙara musu ƙarfi. Idan awon jini ya kai 140 bisa 90 bayan mako 20, fitsari kuma ya nuna ƙoda ta fara taɓuwa, an shiga hanyar jijjiga. Alamun sanannu ne: ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi, zafi a ƙahon zuci, kumburin fuska da hannu. Matsalar ita ce uwar 'ya'ya takwas ta sha ganin kumburi, sai ta ce na ciki ne, ko ta ce namiji za ta haifa. Na biyu zubar jini. Mahaifar da ta buɗe ta rufe sau takwas ba ta saurin tsukewa bayan fitar mabiyiya, ga ƙarancin jini na haihuwa a kai a kai da zazzaɓin cizon sauro. Jinin da budurwar haihuwa za ta zubar ta tashi, shi zai kwantar da wannan. Ƙari ga haka, jariri ya fi yawan kwanciya a karkace a irin wannan mahaifa, mabiyiya ta fi yawan tare ƙofa, mahaifar kuma ta fi saurin fashewa idan aka yi mata allurar naƙuda ba bisa ƙa'ida ba.

Bahaushe makiyayi ya lura da wannan tun da daɗewa, shi ya sa ya ce haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Ban kawo karin maganar don muzanta wata uwa ba. Na kawo ta ne don in nuna kakanninmu sun san haihuwar girma tana kayar da mutum biyu, amma tsarin kulawarmu na gida bai bi wannan sani ba.

Akwai wani ruɗani da ya keɓanta da wannan shekaru. Al'ada takan fara rikicewa kafin ta ɗauke gaba ɗaya tsakanin 45 da 55. Sai mace ta ɗauki ciki ta zaci tsufa ne, har sai ya motsa. Wata kuma al'adar ce ta ɗauke, ko ƙari ne ya girma a mahaifa, sai a ce ciki ne ya kwanta, a shekara ana jiƙe-jiƙen tayar da shi. Gwajin fitsari da hoton ciki suna raba wannan gardama cikin yini guda.

4.0 Asibiti a tsallaken titi

A 1994 Thaddeus da Maine suka kasa jinkirin da ke kashe mai haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni na farkon ne ya fi nauyi, kuma ya fi nauyi a kan babbar mace.

Dubi yadda al'ada ta raba gata. Mai cikin fari ana mayar da ita gidan iyaye goyon ciki, a hana ta aiki, a sa mata ido dare da rana. Mai ciki na tara ita ke dafa wa gida abinci har ranar da za ta durƙusa. Uwarta ta tsufa ko ta rasu. Miji ya ga ta haihu sau takwas a ɗaki, sai dai ya dawo daga kasuwa a yi masa albishir, don haka a ransa kuɗin awo na amarya ne. Ita kanta tana alfahari da cewa ba a taɓa jin ƙararta ba, sai dai a ji kukan jariri a kira ungozoma ta yanke cibi. Wannan jarumta gaskiya ce kuma ta cancanci girmamawa, sai dai ita ce take hana ta cewa "ku kai ni" a daren da wannan naƙudar ta bambanta da na baya.

Ga kuma kunya. Wanda ya taɓa zama a layin awo da safe ya ga wannan: bencin cike da 'yan mata, kowacce da kati a cikin leda da 'yar kwalbar fitsari a hannu, can ƙarshe wata dattijuwa ta ja hijabi ta rufe har goshi, tana fatan kada ta haɗu da surukarta ko ƙawar 'yarta. A wani ƙaramin asibiti na ji ma'aikaciya ta ɗaga murya a gaban kowa ta ce wa irin wannan mata, "Baba, har yanzu ba ki gaji ba?" Matar ba ta ce komai ba. Ta karɓi katinta ta fita, kuma ba na zaton ta sake komawa. Magana ɗaya irin wannan tana rushe aikin wayar da kai na shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga mai ciki sau takwas, na farko cikin mako 12 na farko, a kuma yi hoton ciki kafin mako 24. Wadda ke ɓoye cikinta har wata bakwai ta riga ta rasa lokacin da ake fara ƙaramin asfirin na kariya daga jijjiga, ta rasa gwajin suga na mako 24 zuwa 28, ta rasa watannin shan maganin ƙarin jini.

Sauran jinkirin ma ba su ɓace ba don muna birni. Naƙuda ba ta san dare ba. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013, kuma a watan Yulin 2022 aka taƙaita zirga-zirgar Adaidaita Sahu daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Gidan da ba mota, idan ba a riga an yi magana da maƙwabci ba, sai a yi ta bugun ƙofofi. In an isa, ga neman jini. Ga kuma tsoron tiyata: matar da ta haihu sau takwas da kanta tana jin an yi mata aiki kamar an ci ta da yaƙi, miji kuma yana lissafin kuɗi kafin ya sa hannu. Jihar Kano ta ayyana kula da masu ciki kyauta tun 2001, ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya a 2016, kuma a watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Amfanin waɗannan tsare-tsare yana ga maigida ya san da su tun kafin daren, ya san kuma wane asibiti ne yake cikinsu.

Abin da ke sa wannan jinkiri ya fi ciwo shi ne, maganin yana nan, kuma 'yan Kano suna cikin waɗanda suka tabbatar wa duniya da shi. A 2008 aka shigar da allurar magnesiyam salfet asibitoci 10 na jihar Kano. Farfesa Jamilu Tukur da abokan aikinsa sun ruwaito mutuwar masu jijjiga ta sauko daga kashi 20.9 zuwa 2.3 cikin 100. A 2023 aka buga sakamakon gwajin E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya, a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 210,000. Kayan aikin wata leda ce mai mazurari da ake shimfiɗa wa mace bayan ta sauka, an ja mata layuka masu nuna yawan jinin da ya taru. Maimakon ungozomar asibiti ta ƙiyasta da ido, sai ta duba layi. Da jini ya kai ma'auni, a murza mahaifa, a ba da maganin tsuke ta, da maganin tsayar da jini, da ƙarin ruwa, duk a tare, a duba inda jinin ke fitowa. Mummunan sakamako ya ragu da kashi 60 cikin 100. Wadda ta fi kowa buƙatar wannan leda ita ce uwar 'ya'ya takwas, kuma ba za a iya shimfiɗa mata ita a kan tabarmar ɗakinta ba.

5.0 Jego da raino

Tsofaffi kan ce kabarin mai jego a buɗe yake har ta yi arba'in, kuma likitanci ya yarda da su: mutuwar da ciki ya jawo ana lissafa ta har kwana 42 bayan haihuwa. Jijjiga tana iya zuwa bayan suna. Amma da zarar an ce "barka da arziki", idon kowa ya koma kan jariri da hidimar taro.

Wankan jego yana buƙatar magana ta adalci. Kowa ya san yadda yake: a tafasa ruwa a babbar tukunya tun asuba, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa wa jiki, safe da yamma, a fito a sha kunun kanwa. A shekarun 1970 Davidson da Parry a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da wannan zafi da gishirin kanwa. A Sakkwato, binciken 2007 ya samu ciwon a wajen haihuwa 1 cikin 100, adadin da yake cikin mafi yawa a duniya. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye a nan Kano ya nuna al'adar kaɗai ba ta isa bayani ba, ya jawo hankali kan talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam da hawan jinin ciki. Don haka bai dace a ɗora wa kakanninmu laifin komai ba. Amma a ganina abu ɗaya ba ya buƙatar gardama: macen da ta haihu da hawan jini bai kamata a ɗura mata kanwa kwana 40 ba. Ruwa mai ɗumi, hutu, abinci mai kyau da zaman 'yan'uwa kusa da ita, duk a riƙe su. Idan kuwa ta fara haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, ƙafa ta kumbura, tari ya dame ta da dare, wannan ba sanyin jego ba ne da za a ƙara wa ruwa wuta. Zuciya ce, asibiti za a nufa.

Raino da girma ma yana da nasa nauyin. Gwiwa da baya ba kamar da ba, ga tashin dare, ga 'yan makaranta, ga bikin 'ya, ga tsohuwar uwa ko suruka mai jinya, wani lokaci ga jika a ɗaya hannun. Galibi nauyin yakan gangaro kan babbar 'ya mace da ke gida, kuma karatunta ne ke biya. Ma'aikaciya a kamfani dokar ƙwadago ta ba ta mako 12 ne kawai. Mai sana'ar cikin gida, mai awara ko ɗinki ko ƙulle-ƙullen kayan miya, ba ta da ko kwana ɗaya, domin ranar da ta kwanta jarin ya tafi. Mai haihuwar fari a shekara 40 kuma tata damuwar daban ce: an ɗauka farin ciki ya ishe ta, don haka idan baƙin ciki da rashin barci da kuka ba dalili suka zo mata, ba ta da bakin faɗa, kada a ce ta yi wa Allah butulci. Wannan ciwo ne sananne mai magani. Jaririn da aka haifa da lalurar Down kuwa, kusan rabinsu suna zuwa da matsalar zuciya, saboda haka a kai shi a duba tun cikin makonnin farko, a bar ɓoye shi a ƙuryar ɗaki.

6.0 Abin da za a iya farawa da shi

Shawarata ta farko ga shugabannin asibitoci ce. Duk wadda ta kai 35, ko ta haihu sau biyar, a yi wa katinta alama tun ranar farko, a rubuta a jiki inda za ta haihu, kuma ya zama wurin da ke da jini da ɗakin tiyata. A ware wa manyan mata rana ko sa'a tasu ta awo. Ba ya cin ko kwabo, kuma zai cire kunyar zama benci ɗaya da sa'ar 'ya. Wadda ta kai 40, a zauna da ita da mijinta tun wata bakwai a kan ranar haihuwa, domin ƙungiyoyin likitocin mata na Ingila da Amurka duk sun nuna haɗarin mutuwar ɗa a ciki yana tashi da wuri a wannan shekaru, suka kuma kawo shawarar tayar da naƙuda a wajen mako 39. Rajistar asibitocin Tarauni ta riƙa fitar da alƙaluma bisa shekaru da yawan haihuwa, ɗaliban Jami'ar Bayero su samu abin nazari a ƙofar gida.

Ta biyu ta shafi jego. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba mai jego cikin sa'a 24, sai a kwana na 2 zuwa 3, sai tsakanin kwana 7 da 14, sai a mako na shida. Wannan jadawali ya yi kusa ƙwarai da namu: ranar sauka, kwanakin ƙauri, ranar suna, ranar arba'in. Ba sai an koya wa kowa sabuwar rana ba. Ma'aikaciyar lafiya ta unguwa, ko ungozomar da aka horar, ta shiga gidan da na'urar awon jini a jajibirin suna, ta sake shiga kafin a fita yawon arba'in. Makarantun Islamiyya na matan aure, waɗanda suke cike a kowace unguwa daga Daurawa har Unguwa Uku, su ne wurin da za a isar da wannan, domin can manyan matan suke taruwa ba tare da jin nauyi ba.

Ta uku ga maza take, ta bakin limamai da masu unguwanni. Maigida ya san rukunin jinin matarsa, ya tanadi mutum biyu da za su bayar, ya yi magana da mai mota tun wata takwas, ya kuma bar izini a bayyane cewa in abu ya taso ba ya nan a wuce asibiti ba sai an jira shi ba. A ranar arba'in kuma a zauna da su biyun a kan tazara. Shawarar likitoci ita ce a bar wata 24 kafin a sake ɗaukar ciki, wanda ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da addini ya ambata. A gaya wa mai hawan jini cewa ƙwayar tazara mai haɗin sinadari biyu ba ta dace da ita ba, akwai robar dantse da ta mahaifa. A kuma gaya mata cewa rikicewar al'ada ba ta nufin haihuwa ta ƙare, har sai ta cika wata 12 cur ba ta ga jini ba.